Kafin a duba jirgin, wa ya horar da mai dubawar?

Malamai ƴan'uwana, da ku uwayen yara, yau zan ɗauke ku mu tafi nesa da gida, har bakin kogunan Amurka. Na san wani zai ce: mushe, mu da ko teku ba mu da shi, me ya haɗa mu da jiragen ruwan wasu? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Shekara 20 da ƴan kai ke nan ina riƙe da alli, tun fitowata daga makarantar horon malamai, kuma yanzu ana turo mini ɗalibai masu koyon malanta su karɓi ajina, in zauna a baya in duba aikinsu, in sa musu hannu. Duk lokacin da na ɗauki biro zan sa hannun nan, tambaya ɗaya ce ke zo mini: ni ɗin wa ya koya mini duban aikin wani, kuma wa ke bin sawuna ya ga ko na duba da gaske? Wannan tambayar ce ta kai ni ga karanta yadda Amurkawa suka tsara binciken jiragensu na ja. Sana'arsu ta yi nesa da tamu, amma tambayar nan ta ci musu rayuka kafin su amsa ta, kuma amsar da suka samo ta cancanci mu zauna mu dube ta.

Bari in fara da bayanin jirgin kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Yamai zuwa Damagaram ya san tirela kashi biyu ce: kai mai inji, da bodin da ke ɗauke da kaya. A ruwa ma haka abin yake. Akwai manyan jiragen dako masu faɗin ciki waɗanda ba su da inji, ba su da matuƙi, kaya kawai ake zuba musu: hatsi, gawayin ƙasa, taki, man fetur. Sai a ɗaure su da igiyoyin ƙarfe su zama abu guda, wani ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya tura su ko ya ja su. Shi ne jirgin ja. Kowane jirgin dako guda yana ɗaukar kimanin tan 1,500, kuma a saman kogin Misisipi an saba haɗa 15 a tura su tare. Ku yi lissafi irin na ajin firamare: tan 22,500 ke nan. Idan kowace tirela ta ɗauki tan 30, kayan tirela 750 ne ke tafiya a hannun mutum ɗaya, bisa ruwa mai gudu, ba birki, ga gadoji a gaba.

Daren 22 ga Satumba 1993, wani jirgin ja mai suna Mauvilla yana tura jiragen dako 6 kusa da birnin Mobile, a jihar Alabama. Hazo ya rufe kogin. Matuƙin ya ɓace hanya, ya shiga wani reshen ruwa da ake kira Big Bayou Canot, inda jiragen kaya ba su bi. A jirgin akwai na'urar radar, wadda ke nuna wa matuƙi abin da ke gabansa ko da ido ba ya gani. Matuƙin ya ga wani abu a kwance cikin na'urar, ya ɗauka wasu jiragen dako ne da zai iya raɓawa ya ɗaure nasa har gari ya waye. Ashe gadar jirgin ƙasa ce. Ya buge ta, ƙarfenta ya goce kusan mita guda. Layin dogon ya lanƙwashe amma bai tsinke ba, saboda haka fitilar gargaɗi ba ta canza ba, ta ci gaba da nuna hanya a buɗe take. Minti 8 bayan haka jirgin fasinja na kamfanin Amtrak, mai suna Sunset Limited, ya iso da gudun da ya wuce kilomita 110 a awa. Mutum 47 suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni. Har yau shi ne haɗari mafi muni a tarihin wannan kamfani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano. Matuƙin yana da lasinsa. Na'urar radar tana aiki. Sai dai ba a taɓa koya masa karanta ta yadda ya kamata ba, kuma jirgin ba shi da kamfas, ba shi da taswirar wurin. Takarda tana nan, kayan aiki suna nan, horon ne babu. Mu malamai mun san irin wannan. Ajin da aka kawo wa sababbin littattafai alhali ba a nuna wa malamin yadda zai yi aiki da su ba, littattafan a kwali suke ƙarewa.

A wancan lokacin jiragen ja suna cikin rukunin da dokar Amurka ke kira jiragen da ba a bincika. Akwai ƴan ƙa'idoji a kansu, amma ba wanda ke zuwa lokaci-lokaci ya duba jikinsu ya ba su takardar shaida, kamar yadda ake yi wa jiragen fasinja da tankokin mai. Bayan haɗarin Alabama aka wajabta wa matuƙa horon radar, aka wajabta ajiye taswira da kayan gane hanya. A 1994 ƙungiyar masu jiragen, AWO, ta fito da nata tsarin kula da lafiyar aiki ga mambobinta. A 2001 kuma aka sake fasalin lasin tuƙin baki ɗaya, aka mayar da shi hawa-hawa. Mutum zai yi wata 18 yana aiki a jirgi kafin ya zama almajirin matuƙi. Sai ya yi aƙalla shekara guda yana tuƙi a gaban gwani kafin ya zama matuƙi. Kyaftin kuwa sai wanda ya tara wata 48 na aiki. Akwai wani littafi da almajirin ke riƙewa, an jera ayyukan da dole ya nuna ya iya: haɗa jirage, shiga ƙarƙashin gada, tsayawa a gaɓa, tuƙi cikin duhu. Kowane aiki sai ya yi shi a gaban wani gwani da hukuma ta amince da shi, shi ne zai sa hannu. Duk wanda ya yi istaj a makarantar horon malamai zai gane wannan tsari.

Duk da haka haɗurra ba su tsaya ba. A 15 ga Satumba 2001 wasu jiragen dako suka buge gadar Queen Isabella a jihar Teksas, motoci suka riƙa afkawa ruwa cikin dare, mutum 8 suka mutu. A 26 ga Mayu 2002, a jihar Oklahoma, kyaftin ɗin jirgin Robert Y. Love ya suma yana kan tuƙi, shi kaɗai a ɗakin matuƙi. Jiragen da yake turawa suka doki ginshiƙin gadar babbar hanya bisa kogin Arkansas, gadar ta rufta, mutum 14 suka rasa rayukansu. Sai a 2004 majalisar dokokin Amurka ta sa jiragen ja cikin jerin waɗanda dole a bincika, ta ɗora aikin a kan rundunar tsaron gaɓar ruwa. Ana cikin rubuta ƙa'idojin, a Yuli 2008, jirgin Mel Oliver ya gitta gaban wata tankar mai a New Orleans, mai fiye da lita miliyan guda ya malale cikin Misisipi, aka rufe kogin kwanaki. Wanda ke tuƙi a daren almajiri ne da lasinsa bai ba shi izinin tuƙi shi kaɗai ba. Kyaftin ɗin ya sauka ya tafi sabgarsa.

Ƙa'idojin, waɗanda ake kira Sashen M, ba su fito ba sai Yuni 2016. Aka ba tsofaffin jirage wa'adi zuwa Yuli 2018 su daidaita da su, sannan aka riƙa ba da takardun shaida kashi ɗaya bisa huɗu kowace shekara har Yuli 2022. Daga gadar Alabama zuwa ranar da ya zama dole kowane jirgi ya riƙe takardarsa, shekara 29. Na kawo wannan lissafin don masu cewa a ƙasashen Turawa komai da wuri ake gyara shi. Su ma jan ƙafa suke yi, su ma sai an yi asara suke motsawa. Abin da na yaba musu shi ne da suka tashi gyaran, ba su tsaya a jikin jirgi kawai ba.

Ga yadda tsarin yake. Galibin jiragen ja da tsawonsu ya kai ƙafa 26, wato kusan mita 8, dole su riƙe takardar shaidar bincike, kuma takardar shekara 5 take yi. Mai jirgi yana da hanya biyu. Ta farko, jami'an rundunar tsaron gaɓar ruwa su zo da kansu kowace shekara su duba. Ta biyu, kamfani ya rubuta cikakken tsarinsa na kula da lafiyar aiki: wa ke da alhakin me, yaushe ake gyaran inji, yaya ake horar da sabon ma'aikaci, me za a yi idan wuta ta tashi ko mutum ya faɗa ruwa. Sai wata hukuma mai zaman kanta, wadda rundunar ta amince da ita, ta riƙa bin sawun wannan tsari. Daga cikin irin waɗannan hukumomi akwai ABS, tsohuwar hukumar tantance jiragen ruwa, da TVIB, wadda aka kafa musamman don jiragen ja, take kuma horar da masu bincike.

Binciken kansa iri biyu ne, kuma a nan ne na ga hankali. Akwai duban jiki. Mai dubawa ya shiga jirgin kowace shekara ya ga inji, sitiyari, famfon kashe wuta, rigunan ceto, igiyoyin ja, fitilu. Lokaci-lokaci a fitar da jirgin daga ruwa a duba ƙasansa: sau ɗaya cikin shekara 5 ga mai aiki a ruwan kogi, sau 2 ga wanda ya fi zama a ruwan gishiri, don gishiri na cin ƙarfe. Akwai kuma bin diddigi. Shi mai bin diddigi abin da yake nema shi ne ko abin da kamfani ya rubuta shi ake yi. Zai je ofis ya buɗe takardu, ya hau jirgi ya tambayi ma'aikata. An rubuta cewa ana gwajin kashe wuta; to, kai yaron jirgi, ina wurin tsayuwarka idan ƙararrawa ta kaɗa? Idan yaron ya yi shiru, an gane takardar ƙarya take yi. A lakwal, duban jiki shi ne a ga rufi da tebura da rijiya da ƙofa. Bin diddigi shi ne a ɗauki kayen yaro a gwada shi da abin da malam ya rubuta cewa ya koyar.

Dokar ta kuma sa horo ya zama aikin yau da kullum. Sabon ma'aikaci, kafin jirgi ya tashi da shi, sai an zagaya da shi an nuna masa aikinsa a lokacin haɗari, inda kayan ceto suke da hanyar fita. Ana gwajin kashe wuta kowane wata, a rubuta a littafin jirgi. Manyan jiragen da ma'aikata ke kwana a ciki, dole a sa musu na'urar da za ta yi ƙara idan matuƙi ya daina motsi, ko kuma a ajiye mutum na biyu a ɗakin tuƙi. Wannan darasin Oklahoma ne. Kusan kowane layi na dokar, idan ka bi shi, za ka iske haɗarin da ya haife shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Dokar ta rubuta sharuɗɗan shi kansa mai binciken. Mai duban jiki dole ya kammala sakandare, kuma ya yi shekara 4 yana aikin jirgin ja a matsayin kyaftin, matuƙi ko injiniya, ko wani aikin ruwa makamancin haka. Mai bin diddigi, bayan ƙwarewar aiki, dole ya yi kwas na musamman na koyon bincike, ya yi horo kan irin wannan tsari na jiragen ja, sannan, idan bai riga ya saba da irin wannan bincike ba, ya bi wani babban mai bincike su yi ayyuka da dama tare kafin a sake shi shi kaɗai. Wato sun yarda da abu biyu. Na ɗaya, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ko sufana ba, ba zai gane inda ake ɓoye ɓarna ba. Na biyu, iya aiki daban, iya duban aikin wani daban. Gwanin tuƙi na iya shiga jirgi ya ga komai daidai don ya saba da ganin abin a haka. Sai an koya masa yadda ake tambaya, yadda ake neman hujja, yadda ake rubuta abin da aka gani ba tare da ragi ko ƙari ba, da yadda ake ce wa tsohon abokin aiki a'a.

Ra'ayina shi ne wannan sashen ya fi duk sauran daraja. Takardar shaida ba ta fi mutumin da ya sa mata hannu nauyi ba. Idan ba a horar da shi ba, ko kuma ba mai bin sawunsa, takardar ta koma abin nuna wa jandarma a shingen hanya. Mun san motoci nawa ke yawo da takardar bizit sabuwa fil, tayoyi kuwa sun side kamar tafin hannu.

Akwai masu sukar wannan tsari, kuma sukarsu tana da ƙarfi. Ta farko: mai jirgi ne ke zaɓar hukumar da za ta bincike shi, shi ne kuma ke biyan ta. Har ma an yarda kamfani ya yi duban jikin jiragensa da ma'aikatansa, hukumar ta riƙa sa ido daga sama. Bahaushe zai ce an ba kura ajiyar akuya. Wannan tsoro yana da tushe. A Disamba 1999 tankar mai Erika ta karye gida biyu a gaɓar Faransa, ta ɓata ɗaruruwan kilomita na bakin teku, alhali tana riƙe da takardun lafiya daga hukumar tantancewa ta Italiya, RINA. A 2008 kotun Paris ta sami hukumar da laifi tare da mai jirgin da kamfanin man. Hukuma mai suna, mai ƙwararru, ta sa hannu a kan ruɓaɓɓen ƙarfe.

Amma wanda zai ce a bar wa gwamnati komai, ya tuna da Joola. Jirgin gwamnatin Senegal ne, sojojin ƙasar ke tafiyar da shi, an ƙera shi don mutum ƙasa da 600. A 26 ga Satumba 2002 ya kife a gaɓar Gambiya, fiye da mutum 1,800 suka mutu, cikinsu har da ɗalibai masu yawa da ke komawa Dakar don buɗe makarantu. A can mai jirgi da mai sa ido duk gida ɗaya ne. Saboda haka kakin gwamnati shi kaɗai ba ya tsare rai, hatimin kamfani ma haka. Abin da ke tsarewa shi ne kowane mai bincike ya san akwai wani a bayansa. Dokar Amurka ta yi ƙoƙarin haka. Amincewar da ake yi wa hukuma mai zaman kanta ta shekara 5 ce, ana iya dakatar da ita ko a soke ta. Dole a sanar da rundunar awa 72 kafin a yi bin diddigi, don jami'inta ya zo ya zauna idan ya ga dama. Idan mai bincike ya gano babbar ɓaraka, dole ya kai rahoto cikin awa 24. Kuma takardar shaidar ƙarshe rundunar ce ke ba da ita, tana da ikon hawa jirgi duk ranar da ta so. Wannan bai kashe kwaɗayi ba, ya dai sa ƙarya ta yi tsada. Game da barin kamfani ya duba kansa kuwa, na yarda da shi bisa sharaɗi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, injiniyan da ke kwana da inji ya fi baƙon shekara-shekara sanin tarinsa. Sharaɗin shi ne a riƙa zuwa ana gwada abin da ya rubuta da abin da ke ƙasa.

Suka ta biyu ita ce yawan takardu. Matuƙa na kukan cewa lokacin da ya kamata su sa ido kan kogi ko su huta, suna cike fom. A nan ba ni da bakin musu, don na taɓa zama mai laifin. A shekarun farko na aikina, a wata makarantar ƙauye, aka sanar da mu ansifekta zai zo. Na kwana da fitilar ƙwai ina cike kayen shirin darasi na mako 3 da ban rubuta ba, har da canza biro don kada a gane rana ɗaya aka yi shi. Ya zo, ya buɗe, ya yaba tsabtar rubutuna, ya sa hannu, ya sha ruwa, ya hau babur. Bai kira yaro ko ɗaya ya karanta masa layi guda ba. Na ji daɗi a ranar. Daga baya na gane ni da shi mun haɗu mun cuci yara 70. Shi mutumin kirki ne, kuma tsohon malami ne nagari. Abin da aka nuna masa shi ne duban kaye, shi ya duba. Haka za a iya cike littafin jirgi da gwajin kashe wuta 12 a dare ɗaya. Maganin wannan shi ne mai binciken da aka koya wa rufe littafi ya ce: ku kaɗa ƙararrawar yanzu in gani.

Suka ta uku tsada ce. Babban kamfani mai jirage 100 yana da ma'aikatan ofis da za su rubuta masa tsari, mai jirgi ɗaya ko biyu ba shi da su. Gaskiya ne, kuma shi ya sa barin hanya biyu ya yi daidai: ƙaramin mai jirgi na iya cewa jami'in gwamnati ya zo ya duba shi kai tsaye. Amma ban yarda ƙarancin jari ya zama hujjar sassauci ba. Gada ba ta tambayar girman kamfanin da ya buge ta.

Akwai kuma inda ni kaina nake ganin dokar ta gaza, wato gajiya. Wata tsohuwar doka ta hana matuƙi aiki fiye da awa 12 cikin 24, kuma a jirage da yawa ana yin awa 6 a bakin aiki, awa 6 hutu, dare da rana, makonni a jere. Wanda ya cire lokacin cin abinci da wanka daga awa 6 ya san barcin da ya rage. Sashen M bai taɓa wannan tsari ba. Ana iya samun jirgi lafiyayye, takardu cikakku, matuƙi mai lasi, amma idonsa na rufewa. Malamin da ke da yara 100 a aji ɗaya, safe da yamma, ya san horo ba ya maye gurbin ƙarfin jiki.

To, mu dawo gida. Ba mu rabu da jiragen ja kamar yadda muke zato ba. Shinkafa da sukari da magungunan da ke shigo mana ta Lome ko Kotonu, manyan jiragen da suka kawo su ba su iya raɓar gaɓa sai ƙananan jiragen ja sun tura su. Kuma muna da namu kogin. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, mutane da kaya suka koma ƙetarawa cikin kwale-kwale. A Yuni 2023, can ƙasa a kan wannan kogi, a jihar Kwara ta Najeriya, kwale-kwale ya kife da ƴan biki, fiye da mutum 100 suka mutu. Duk uban da ɗansa ke ƙetare kogi yana da haƙƙin ya tambaya: wa ya duba jirgin nan, mutum nawa ya kamata ya ɗauka, ina rigunan ceto?

Amma inda darasin ya fi kusa da mu shi ne farfajiyar lakwal. A Afirilu 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka mutu. A Nuwamba na wannan shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara 25 ko fiye, ƴan shekara 5 da 6. Gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin azuzuwan zana, kuma matakin ya yi kyau. Ina tambayar ƴan'uwana malamai: tun daga lokacin, sau nawa muka tsayar da darasi muka gwada fitar da yara daga aji cikin minti ɗaya? A makarantar horon malamai an koya mini yadda ake rubuta shirin darasi da yadda ake riƙe rajista. Ba a taɓa koya mini abin da zan yi idan rufi ya kama wuta ba. Yaron jirgi a Misisipi yana gwada wannan kowane wata, shi da yake babba mai ƙarfinsa.

A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, aka yi ta cece-kuce da ƙungiyoyin malamai. Ni ban ƙi a auna malami ba, wanda aka damƙa wa ƴaƴan mutane dole a san abin da ya iya. Abin da nake nema shi ne awon ya hau sama kamar yadda ya sauko ƙasa. Darakta, konseye, ansifekta, da irina da ake ba ɗaliban istaj, kowa a koya masa duban aiki a matsayin sana'a mai zaman kanta, ya bi gwani na ɗan lokaci kafin a ba shi biro, kuma wani ya riƙa komawa makarantun da ya sa wa hannu ya ga ko abin da ya rubuta haka yake. A ba shi man babur ɗin zuwa, don mai binciken da darakta ke ciyarwa ya kuma zuba masa mai, bakinsa ya riga ya yi nauyi.

Ku kuma uwaye, musamman ƴan kwamitin Kojes, ku ne hukuma mai zaman kanta da ba a biya. Ba sai kun iya faransanci ba. Ku shiga ajin ɗanku ku ƙirga ƙofofi. Ku duba ina masu tuya ke hura wuta, nisanta nawa da zana. Ku tambayi yaro a gida: in wuta ta tashi, ta ina malam ya ce ku fita? Idan ya ce ba a taɓa faɗa musu ba, ku zo ku same mu, cikin mutunci, ku ce a gwada. Malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Ni dai na fara da kaina. Ɗalibar da aka turo mini bana, ranar da zan sa mata hannu na ajiye kayenta gefe, na kira yara 5 daga layin baya su karanta, sannan na ce ta fitar mini da ajin gaba ɗaya waje kamar wuta ta tashi. Karo na farko ya ɗauki fiye da minti 3, yara biyu suka faɗi a bakin ƙofa, wani ya koma ɗaukar takalminsa. Muka sake, muka sake. A karo na huɗu ba su kai minti ɗaya ba. Sannan na sa hannu, na kuma roƙi daraktanmu ya zo wata mai zuwa, ba tare da ya faɗa mini ranar ba, ya gwada ni yadda na gwada ta.